Karen Da Ya Sauya Ubangida: Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Lura

Da zarar an gama girbi, an kai gero da wake rumbu, sai a ga karnuka sun fara sauya hannu a ƙasar Mai'aduwa. Makiyayi ya tashi da shanunsa za shi kudu cin rani, ya bar wa maƙwabcinsa karya da 'ya'yanta. Mafarauta sun fita farautar gayya, an watse da almuru, wani kare ya ɓace wa ubangidansa ya faɗa wani ƙauye. Ran Lahadi kuwa, da kasuwa ta tashi, ba a rasa ɗaya ko biyu suna yawo a bakin kara, sun biyo fatake daga wajen Kwangwalam, fataken sun hau mota sun bar su. Ga kuma mai noman rani a bakin madatsar Sabke yana neman abin da zai kore masa awaki da ɓarayin dare, ga mai tumaki a Koza dila ya dame shi. To, mai nema ya gamu da abin nema, sai ya sa masa igiya ya ja shi gida.

Wannan ba laifi ba ne. Kare babba da ya riga ya san aiki ya fi kwikwiyo amfani nan da nan, gama kwikwiyo sai ya ci tuwon wata takwas ko tara kafin a ga ranarsa. Amma kare babba ya kan zo da abin da ido ba ya gani: halin da ya koya a gidan farko, da tsutsar da ke cikinsa, wani lokaci ma da cutar da ke kashe mutum. Wanda ya ja shi gida bai tambaya ba, bai duba ba, caca ya yi da ran 'ya'yansa da na dabbobinsa.

Yadda a ke yi a Ingila da Amurka

Turawa sun daɗe da mayar da wannan al'amari aiki mai tsari. A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gida a Landan domin karnukan da suka ɓace da waɗanda yunwa ta kama. A 1871 aka mayar da gidan unguwar Battersea, yana nan har yau. Daga baya sai aka sami waɗansu ƙungiyoyi na 'yan sa kai waɗanda kowace ta tsaya a kan irin kare guda ɗaya tak. Akwai masu kula da karnukan tsere da suka tsufa aka daina sa su gudu, akwai masu kula da karnukan kiwon tumaki, haka dai iri iri. Yawancinsu ba albashi a ke biyansu ba, da yawa ma ba su da ofis. Sanin halin irin karen shi ne jarinsu.

Ga yadda su ke yi. Idan mai kare ya mutu, ko ya tashi, ko ya gaza, sai ƙungiya ta karɓi karen ta ajiye shi a gidan ɗaya daga cikin mutanenta mako biyu ko wata ɗaya ko fiye. A nan a ke gane ko yana cizo, ko yana bin kaji, ko yana jure wa yara. Likitan dabbobi ya duba shi, ya yi masa allura, galibi kuma a fiɗiye shi. Sa'an nan wanda ya ke so ya karɓa, shi ma sai an bincike shi. A tambaye shi aikin da ya ke yi, da yawan yaransa, da ko gidansa yana da shinge, har a aiko mutum ya ga gidan da idonsa. In an yarda, ya biya ɗan abin da aka kashe wajen magani, ya sa hannu a takarda cewa in zaman bai yiwu ba, zai mayar da karen ga ƙungiya, ba zai sake shi a titi ba. A Ingila tun 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai shi.

Wani zai yi dariya ya ce wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne. Akwai gaskiya a ciki kaɗan, gama karen Bature yawanci abokin zama ne, na manomin Daura kuwa ma'aikaci ne. Amma abu uku da su ke yi ba su bukatar kuɗi: a san tarihin kare, a ware shi a lura da shi kafin a sake shi cikin iyali, a kuma yi alkawarin inda zai koma in bai dace ba. A ƙasar Daura ba a saba da irin waɗannan ƙungiyoyi ba, saboda haka aikin ya faɗa kan manomin da kansa, da mai unguwa, da sarkin baka, da malamin dabbobi.

Malamai kuwa sun riga sun yi bayani. A cikin Risala, wadda kowane almajiri ya sani, an yi izinin ajiye kare domin tsaron shuka, da tsaron dabbobi, da farautar neman abinci. Game da sayar da shi, malaman Malikiyya sun hana, sun kuma yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa. Wannan na cikin abin da ya sa a ƙasar Hausa kare ya fi wucewa daga hannu zuwa hannu ta hanyar kyauta, sai dai a ba da goro. Watau karɓar kare daga hannun wani tsohuwar al'ada ce a nan, abin da ya rage shi ne a yi ta da lura. Wanda ya ɗaure dabba a gidansa kuwa, cinta da shanta sun hau wuyansa, ba sai an faɗa masa ba.

Cigiya da tambaya

Kare tsintacce ba na wanda ya tsince shi ba ne tukuna. Ya kamata a fara kai magana wurin mai unguwa, a kuma gaya wa sarkin baka, domin mafarauta sun san karnukan junansu kamar yadda Fulani suka san shanu. A bari a yi cigiya har kasuwa biyu ta ci. Dalilin wannan a fili ya ke. Akwai fataucin karnuka daga Arewa da Nijar zuwa kudu, babbar kasuwarsu tana Dawaki a Jihar Filato, saboda haka kare yana da kuɗi, abin da ke da kuɗi kuwa a kan sace shi. Wanda aka ga karen sata ɗaure a turkensa, shi zai yi bayani gaban dagaci. In baƙo ya zo da kare mai kyau yana neman a karɓa da gaggawa a ba shi abin da ya samu, a ce masa ya kawo wanda ya san shi.

In kuwa mai karen sananne ne, to, a zauna da shi gaban shaida a yi masa tambayoyi, kada a ji kunya. Me ya sa zai rabu da shi? Shekararsa nawa? Wane aiki ya saba yi? Ya taɓa cizon mutum? Ya taɓa kashe akuya ko kaza? An taɓa yi masa allura, ina takardar? Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce: cikin wata shida da suka wuce, wani kare ko dila ko yanyawa ya cije shi? Mai son ya sauke kaya ba kullum ya ke faɗin gaskiya ba, saboda haka a tambayi maƙwabtansa, a tambayi yaran unguwa. Yara sun fi kowa sanin karen da ke cizo.

A kuma dubi aikin da a ke so ya yi. Karen da ya tashi yana bin zomo da kurege, in aka ɗaure shi kusa da 'yan awaki, ranar da ɗaya ya zabura a guje zai bi shi, ba don mugunta ba, don abin da aka koya masa ke nan. Karen da ya tashi a ruga cikin maruƙa shi ya dace da garke. Mai gona kuwa mai haushi ya ke bukata, wanda zai tashe shi daga barci, ba lalle mai cizo ba. Mai cizo shari'a ya ke jawowa, gama tun daga ranar da aka karɓe shi, duk ɓarnar da ya yi a kan sabon ubangidansa ta ke.

Duba jikinsa

Kada baƙo ya taɓa kare da hannunsa. Mai shi ya riƙe, ya buɗe baki, mai karɓa ya tsaya gefe ya duba. Haƙora su ke faɗin shekaru. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, ƙanana masu tsini. Kafin ya kai wata 7 sun zube, manya 42 sun fito. Farare tas masu kaifi, kare bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. In sun yi ja sun dakushe, ya manyanta. Dasashi ya kamata ya zama ja-ja. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, galibi kaska ce ko tsutsa ta shanye shi. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke taruwa. A shafa gashi baya baya a ga ko akwai ƙuma. Inda gashi ya zube fata ta yi kauri tana ɓarewa, ƙazuwa ce, tana warkewa da magani amma tana yaɗuwa, wani irinta har mutum ya kan kama. Ido da hanci masu zubar da ruwa mai kauri, tare da tari da zawo, alamar cuta ce mai kama sauran karnuka, a bar shi. Haka kuma wanda a ke ganin wani tsiro mai zubar da jini a al'aurarsa, ta wurin barbara ya ke yaɗuwa, sai likita.

Rama ita kaɗai ba abin ƙi ba ce, ciyarwar wata guda ta kan gyara ta. Akwai ma irin da ramar halittarsa ce. Buzaye da Fulanin arewa su kan sauko da wani dogon kare mai siririn ciki, mai dogayen ƙafafu, wanda asalinsa kwarin Azawak ne, tsakanin Nijar da Mali. Buzaye suna ce masa oska. Tsayinsa a kafaɗa ya kan kai inci 24 zuwa 29, haƙarƙarinsa a fili ko da ya ƙoshi. Wanda bai san shi ba sai ya ce yunwa ce, ya yi ta ɗura masa tuwo. An fara kai shi Turai wajen 1970, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin irin da ta yarda da su, can kuwa da tsada a ke sayensa. Halinsa shi ne ya kan riƙe mutum ɗaya ko gida ɗaya, ba ya sakin jiki da baƙo, ba ya kuma jure sanyi. Wanda ya karɓi babba daga cikinsu sai ya yi haƙuri ƙwarai, ya kuma tanadar masa buhu ko tsumma lokacin hunturu.

Abin da ba a yin ciniki a kansa shi ne sabon rauni na cizo wanda ba a san abin da ya yi shi ba. Kome kyan kare, in yana da wannan, a bar shi, a kuma gaya wa malamin dabbobi.

Haukan kare

Ga dalili. Cutar haukan kare wata ƙwaya ce ƙanƙanuwa da ke cikin miyau. In mahaukacin kare ya yi cizo, ƙwayar ta shiga nama, sai ta bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya ta kan ɗauki mako uku zuwa takwas a jikin kare, wani lokaci har wata shida. Duk tsawon wannan lokaci kare lafiyarsa lau, yana ci yana wasa, babu likitan da zai dube shi ya gane. Shi ya sa Ingila ta yi shekaru masu yawa tana tsare kowane kare da ya shigo daga waje wata 6 cur, sai a shekarar 2000 ta fara sassautawa ga masu takardar allura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan cuta kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan kowane ɗaya kuma ta wurin kare ya same ta. Wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alama ta bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa, magani ya ƙare. Saniya da jaki da raƙumi da akuya duk suna kamuwa, duk suna mutuwa.

Kowa ya san kare mai hauka na fili, wanda ke yawo ba ya tsayawa, yana cizon ice da dutse, muryarsa ta sauya. Amma akwai na biyu wanda ya fi yaudara. Shi ba ya faɗa. Sai ya nemi lungu ya kwanta, haɓarsa ta saki, baki a buɗe, miyau na dalala, ya kasa haɗiya. Mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu zai cire. Ta haka ma a ke kamuwa, in akwai ko ɗan ƙwarzane a yatsa. Kare kuma da a ke gudunsa in ya wayi gari da fara'a yana lasar kowa, ko mai fara'a ya koma gurnani ba dalili, abin tsoro ne.

Saboda haka, tun kafin kare ya iso gida, a kafa masa turke a inuwa, nesa da garke, nesa da wurin wasan yara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sarƙa ta fi igiya, gama igiya ya kan tauna. Ya zauna nan mako biyu, babba ɗaya ne kawai zai riƙa kai masa abinci da ruwa. Cikin makon farko a kai shi asibitin dabbobi, ko a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, a yi masa allurar rigakafi, a karɓi takarda mai kwanan wata da sa hannu. In tsohon ubangidansa ya ce an yi amma babu takarda, a ɗauka ba a yi ba. Allurar ba ta kama jiki sosai sai bayan kamar mako huɗu, ba kuma a dogara da ita ta kori cutar da ta riga ta shiga. Don haka ko bayan an kwance shi, a sa masa ido har wata shida. Kwikwiyo a kan yi masa yana wata 3, sa'an nan a riƙa sabuntawa kowace shekara.

Wannan allura tana da tarihi. Louis Pasteur na Faransa shi ya fara gwada irinta ga mutum a 1885, ga wani yaro da mahaukacin kare ya yayyaga, yaron kuwa ya rayu. A Nijeriya, ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ta zauna can tun 1924, tana yin ta karnuka. Amma akwai sharaɗi guda: maganin ba ya son zafi. Daga inda aka yi shi har ya shiga jikin kare, cikin sanyi ya kamata ya zauna. Kwalbar da ta yini a faifai cikin ranar kasuwa ruwa ce kawai, wanda ya biya kuɗinta ya sayi kwanciyar rai ta ƙarya, wannan kuwa ya fi rashin yi muni.

In tsautsayi ya faɗa, kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, minti 15 ba tsayawa. Wannan kaɗai yana rage haɗari ƙwarai. Kada a ɗaure, kada a ɗinke, kada a tsaya ƙona gashin kare a shafa, ba ya maganin kome. A kai mutumin asibiti ran nan, a Mai'aduwa ko a Daura, a fara masa allurar mutane, wadda a ke yi sau da dama cikin 'yan makonni, a kuma cika ta duka ko da rauni ya warke. Cizon fuska da wuya da hannu shi ya fi gaggawa. Karen kuwa, in ana iya tsare shi ba haɗari, kada a kashe. A ɗaure shi kwana 10. In ya cika su da lafiya, babu cutar a miyansa ranar da ya yi cizon, likita ne zai faɗi abin da za a yi da sauran allurar. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara. In ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kai, gama ƙwaƙwalwar a ke aikawa a gwada, kada kuma kowa ya taɓa gawar da hannu tsirara.

Sau da yawa in hauka ta ɓulla a gari, sai a tashi a bi karnuka da sanda da guba. Wannan ba ya kashe cutar, wasu ne za su shigo daga ƙauyuka su cike gurbin, guba kuma ta kashe ungulu da kaji. Abin da aka gwada aka gani shi ne, in an yi wa karnuka 70 cikin 100 allura, cutar ta kan rasa hanyar wucewa. A Injamena ta ƙasar Cadi an yi haka a 2012 da 2013, cutar ta lafa a cikin birnin har sai da karnukan waje suka sake shigo da ita. Ran 28 ga Satumba kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, wajen wannan lokaci ne hukumomi su kan yi allurar gayya, ya kamata a kasa kunne.

Tsutsar kare da tumaki

Akwai wata asara da manoma ke yi ba su san daga kare ta fito ba. Tunkiya ta fara karkata kai, tana zagaye wuri ɗaya kamar mai hajijiya, ta daina kiwo, a yanka. In an fasa kan sai a ga wata jaka mai ruwa a ƙwaƙwalwa. Mahauci ya jefa wa kare. To, cikin jakar nan akwai 'ya'yan tsutsa. Su girma a hanjin kare su zama doguwar tsutsa mai faɗi, ƙwanta ya fita da kashi ya zuba a ciyawa, wata tunkiya ta ci, zagaye ya koma farko. Akwai 'yar'uwarta da ke yin irin wannan jaka a huhu da hanta na raƙuma da shanu da tumaki, ita har mutum ta ke kamawa, musamman yaron da ya yi wasa da kare ya ci abinci bai wanke hannu ba.

Karen da aka tsinta a bakin kwata, inda a ke yanka, sai a ɗauka yana da ita. A nemi maganin da a ke kira firazikwantel wurin malamin dabbobi, shi zai auna gwargwadon nauyin karen. A ba shi yana ɗaure, a tara kashin kwana biyu a binne da zurfi ko a ƙone. A maimaita kowane wata uku. Daga nan kada a ƙara ba shi ɗanyen kai ko huhu ko hanta, sai an dafa. Duk abin da aka ga jakar ruwa a jikinsa a binne, musamman da Babbar Salla, sa'ad da kayan ciki ke yawa a bayan gida.

Maganin kaska na shanu kuma, kada a haɗa shi da ƙarfin da a ke yi wa sa a wanke kare da shi, yana kashewa. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na mutane.

Sabo da sabon gida

Kwana uku na farko kare ya kan ƙi abinci, ya yi ta kuka da dare, ya ja sarƙa. Ba cuta ba ce, kewa ce. In aka sake shi a wannan lokaci zai kama hanyar gidansa na dā, ko da mil ashirin ne. A bar masa sunan da ya sani. Mai ba shi abinci ya riƙa zuwa lokaci ɗaya, safe da yamma, ya ajiye kasko ya ja da baya, kada ya tsaya a kansa, kada ya zuba masa ido. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba su riƙe kare mai aiki. A haɗa da nono, ko dafaffen wake, ko romon ƙashi da dafaffen kayan ciki. Ƙashin kaza da ya dahu yana tsagewa ya soke hanji, miya mai yawan albasa kuma tana ɓata masa jini. Ruwa kuwa kada ya yanke, balle da bazara. Kaskonsa daban, ba a haɗa shi da kwanukan gida, wannan ya dace da lafiya ya kuma dace da abin da malamai suka faɗa game da wanke abin da kare ya sha a ciki.

Bayan mako biyu, a fara zagayawa da shi riƙe da igiya, a bi iyakar gona ko shingen garke safe da yamma, har ya gane inda aikinsa ya tsaya. A wuce da shi kusa da tumaki da kaji. In ya zabura, a fizge igiya a tsawata masa nan take. Dukan da aka yi bayan awa guda ba ya koya masa kome, bai san laifin da a ke nufi ba, sai dai ya koyi tsoron hannu, kare mai tsoron hannu kuwa shi ke cizo. Wanda ke maƙewa in an ɗaga sanda, an riga an cuce shi a gidan farko, shi sai lallashi. A gargaɗi yara kada su kusance shi yana ci ko yana barci, kada su ja masa wutsiya. In akwai tsohon kare a gidan, a fara haɗa su a waje, a fili, kowa da mai riƙe da shi.

Wata ɗaya ya isa a gane ko zaman zai yiwu. In bai yiwu ba, a mayar wa mai shi bisa alkawarin da aka yi gaban shaida, ko a nemi mafarauci ko makiyayi da zai yi masa amfani. Kai shi daji a yar shi ne ke haifar da karnukan da ba su da mai su, waɗanda ba wanda zai kama ya kai allura. Mai karɓar karya kuma ya san tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, yawanci sau biyu a shekara, ta haifi huɗu zuwa takwas. In ba shi da masu karɓar 'ya'yan, ya tsare ta mako uku lokacin da karnuka suka fara binta, ko ya tambayi likitan dabbobi a Daura ko Katsina zancen aikin da a ke yi na hana haihuwa. Namiji kuwa fiɗiyarsa ba wuya, tana rage masa yawon dare da faɗa, ba ta kuma hana shi haushi. 'Ya'yan da za a bayar, a bar su da uwarsu har mako takwas.